Ƙafa, Kofato da Taya a Turba Ɗaya: Jagorar Shiga Dazukan Shafa da Baha

Duk wanda ya yi bazara a Makka ya san ranar da kwalta ke ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi, har ruwan tanki ya gagari alwala. A irin wannan rana ne mutanenmu na Shara Mansur da Misfala da Hindawiyya ke cika mota su nufi hawan Hada. Tafiyar kilomita 90 ko ƙasa da haka, sai ga ka a Ɗa'ifa, mita 1,800 da ɗoriya sama da teku, kana neman rigar sanyi. A da iyakarmu bakin titi: a shimfiɗa darduma, a gasa tsire, wanda mutanen Hijaz suka karɓa daga hannun kakanninmu suke ce masa siriya, a sha shayi, a juyo. Yanzu samarinmu da 'yan matanmu kutsawa suke cikin dajin kansa. Wasu a ƙafa da sanda, wasu a kan keken hawan dutse, wasu a kan dawakin haya da ake tsayarwa a bakin wuraren shaƙatawa.

Turbobin da suke bi galibi ba don su aka yi ba. Sawun makiyaya ne da jakai da raƙuma na shekaru aru-aru, wani wurin faɗinsa bai kai taku biyu ba, dutse ta hannu ɗaya, kwazazzabo ta ɗaya hannun. A nan mai ƙafa da mai keke da mai doki za su yi kiciɓis, kuma a nan ake jin ciwo.

Na ga haka da idona a wata gangara ta Shafa, tsaunin da ke kusa da Ɗa'ifa. Ɗan yayata ya riga mu yin gaba a kan keke, ya sha kwana shiru kamar inuwa, sai ga goɗiyar haya a gabansa da yaro ɗan shekara goma a kanta. Goɗiyar ta zabura ta juya wuri guda, yaron ya zame ta gefe ya dafa dutse da hannu, tsintsiyar hannun ta karye. Mai dokin yana can baya da waya a kunne, ragamar ma ba ta hannunsa. Da muka iso, ɗan yayata na rawar jiki ya ce, "Kawu, wallahi na buga ƙararrawa." Na ce, "A ina ka buga?" Ya ce, "Da na zo daf da ita." Tun daga ranar nake koya wa duk wanda zai bi ni daji abin da zan faɗa a nan.

Mataki na farko: zaɓi wurin da ya dace da ƙarfinka

In karon farko ne, ko kuma da yara da tsofaffi, fara da Saisad, arewa maso gabashin Ɗa'ifa. Ƙasar ba ta da hawa mai tsanani, itatuwan ƙaya ne da kurna, kana hangen mai zuwa daga nesa. A yankin ne tsohuwar madatsar ruwa take, wadda rubutun jikin dutsenta ya nuna an gina ta a zamanin Mu'awiya, shekara ta 58 bayan hijira. Wanda ya ɗan goge sai ya haura Shafa, kamar tafiyar rabin sa'a a mota daga gari, sama da mita 2,000, inda itacen ar'ar yake da duhuwa da ƙamshi. Tsohuwar hanyar masu raƙuma da ta taso daga Kar zuwa Hada, wadda aka daɓe da duwatsu, ta masu ƙafa ce. Kada ka kai keke can. Mai kwana biyu a hannu ya miƙa kudu zuwa Baha, kilomita 200 da wani abu, ya shiga dajin Raghadan da ke daf da birnin. Suda ta wajen Abha ita ce ƙololuwa, kusan mita 3,000, sai dai tun da aka sanar da babban aikin gine-ginen yawon buɗe ido a can a 2023, ka tabbatar wurin da kake nufi a buɗe yake kafin ka ƙona mai.

Karanta allon da ke bakin shiga. Inda aka hana keke ko dabba, an hana. Inda babu allo, tambayi mai gadi ko manomin da ka tarar, don shi ya san inda turba ta ratsa gonar mutane.

Lokaci kuwa, a fita bayan asuba. Juma'a da la'asar da yinin Asabar a lokacin hutun makarantu turba cika take da iyalai, mai keken da ke son gudu ba shi da wuri a wannan lokacin. Ka ƙiyasta wa mai ƙafa kilomita 4 a sa'a, ka ƙara sa'a guda a kan kowane hawan mita 600, sannan ka ƙara wani abu saboda numfashi. Mutumin da ya kwana a Jidda a bakin teku ya wayi gari a Shafa zai ji huhunsa bai cika ba, ko da kuwa ɗan ƙwallo ne.

Mataki na biyu: kaya

Ba zan tsawaita a nan ba. Takalmi mai rufi da ƙasa mai kama dutse, ban da silifa. Ruwa aƙalla rabin lita ga kowace sa'ar tafiya, ban da na alwala. Rigar sanyi ko da ka bar Makka tana ci da wuta, domin kowane hawan mita 1,000 yana rage zafi da kusan digiri 6. Tocila, dabino, bandeji, waya mai cikakken caji da taswirar da aka sauke tun daga gida, saboda sabis yana ɗaukewa a cikin kwari. Ka ɗauki iƙamarka, wato katin izinin zama, ko katin shaidarka. Ka gaya wa wani a gida turbar da za ka bi da lokacin dawowarka.

Mai keke: hular kwano, safar hannu, ka matsa birkin gaba da na baya tun a wajen mota ka ji sun kama. Mai doki: shi ma hular kwano. Na san mun fito daga gidan hawan sallah, rawani ya fi mana kyan gani, amma dutsen Sarawat, wato jerin waɗannan tsaunuka, bai san rawani ba. Ka duba majayi da hannunka kafin ka hau, ka sake dubawa bayan tafiyar minti goma, domin doki kan kumbura ciki lokacin ɗauri, in ya sake sai sirdi ya yi lako-lako. Likkafa ta yi daidai da tsawon ƙafar mahayi, musamman yaro.

Wani abu da ya shafe mu musamman: tufafi masu kaɗawa. Jallabiya mai faɗi, abaya, gyale, shimagi, duk iska tana buɗa su a bakin dutse, doki kuwa yana tsoron abin da ya buɗe farat ɗaya. A ɗaure abin da zai ɗauru, mai keke kuma ya kiyayi bakin riga da sarƙa.

Mataki na uku: wa zai kauce wa wa

Nan ne zuciyar maganar. Ƙa'idar da masu irin waɗannan turbobi suka daidaita a kanta a ƙasashe da dama gajeriya ce: mai keke yana ba mai ƙafa da mai doki hanya, mai ƙafa yana ba mai doki hanya, mai gangarowa yana ba mai hawa hanya. Dalilin ya fi ƙa'idar muhimmanci. Keke yana tsayawa in ka matsa birki. Ƙafa tana tsayawa in ka ga dama. Doki kuwa dabba ce mai nauyin kilo 400 ko fiye, mai ra'ayin kanta, wadda Allah ya halitta da gudu a matsayin kariya. Idanunsa suna gefen kai, yana ganin kusan duk kewayensa, amma akwai wuri biyu da ba ya gani: daf da goshinsa da kuma bayan wutsiyarsa. Abin da ya ɓullo masa shiru da sauri daga baya, a wurinsa damisa ce. Mutum mai ƙatuwar jaka a baya da hula da sanduna biyu, ko wanda ya duƙa a kan keke da baƙin tabarau, bai yi masa kama da ɗan Adam ba.

Abin da ke warware masa wannan ruɗani shi ne murya. Da zarar ya ji magana, ya san mutum ne. Mu kuwa an riga an ba mu kalmar da za mu faɗa. Hadisi ya inganta cewa mahayi ne ke yi wa mai tafiya a ƙasa sallama, mai tafiya ya yi wa na zaune, kaɗan su yi wa masu yawa. Ni a ganina babu kayan kariya a turba da ya kai sallamar da aka ɗaga murya aka yi tun daga nesa. Ƙararrawa ƙara ce kawai, doki bai san ma'anarta ba. Kada kuma ka tsaya jiran wanda ya kamata ya fara. Wanda ya fara gani ya fara yi.

In kana ƙafa ka hangi doki yana zuwa, yi sallama tun yana nesa, ka tsaya. Ka sauka daga turba ta ɓangaren gangara, wato ƙasa da dokin, matuƙar akwai wurin tsayawa mai aminci. Mutane da yawa dutse suke hayewa, suna ganin sun kyauta, alhali abin da ke sama da kan doki shi ya fi ba shi tsoro, don daga sama mafarauci ke dirowa. In ɓangaren gangaren rami ne, kada ka kusance shi. Tambayi mahayin inda yake so ka tsaya, shi ya san dabbarsa. Ku duka ku koma gefe ɗaya, kada ku raba kanku biyu dokin ya ratsa ta tsakiya. Kada ka laɓe bayan itace. Ka riƙe hannun yaro, ka sauke sanda, ka rufe lema, ka ci gaba da 'yar hira har ya wuce. Kada ka miƙa hannu ka shafa shi ba tare da izini ba.

In kana kan keke, aikinka ya fi na kowa yawa, don kai ne mafi sauri kuma mafi shiru. Gudunka kada ya wuce abin da za ka iya tsayawa a cikin iyakar abin da idonka ke gani. Kwanar da ba ka ganin bayanta, ka ɗauka akwai tsohuwa da jikanta a can. Kafin kwana ka rage gudu, ka yi magana ko ka buga ƙararrawa tun da sauran tazara. In ka haɗu da doki gaba da gaba, tsaya cak, sauke ƙafa, in turba matsattsiya ce ka sauko gaba ɗaya ka ja keken gefen gangara, ka sa shi a bayanka ko a gefenka yadda ba zai faɗi ya yi ƙara ba. In ka tarar da shi ta baya, kada ka matso. Daga tazarar taku talatin ka ce, "Salamu alaikum, keke ne a bayanku, in wuce?" Ka jira amsa. Mahayin zai nemi wuri mai faɗi, ya juyo da kan dokin ya gan ka, sannan ya yi maka izini. Ka wuce a hankali, nesa da ƙafafun baya, ka faɗa masa ku nawa ne: "Saura biyu suna tafe." Wannan 'yar kalma tana hana hatsari da yawa, don mutum yakan koma tsakiyar turba da zarar keke na farko ya wuce. In ka ga jan ƙyalle a wutsiyar doki, alama ce ta mai harbi.

Ga mai ƙafa ma haka za ka yi masa, ban da saukowa. Kada ka wuce shi kamar iska kana ganin ai ba ka taɓa shi ba. Dattijon da ya firgita ya yi tsalle gefe, kai ka kayar da shi.

In kai ne a kan doki, ba ka da ikon taƙama don an ce kowa ya kauce maka. Sukuwa ba ta turbar jama'a ba ce. Inda akwai mutane, tafiya kawai. Ku jeru ɗaya bayan ɗaya, tsakanin kowane doki da na gabansa a bar aƙalla tsawon doki guda. Ka lura da kunnuwansa: in ya miƙe su gaba ya ƙame, ya ga wani abu; in ya kwantar da su baya, ransa a ɓace yake. Ka yi wa mutane bayani da bakinka, don yawancinsu ba su taɓa tsayawa kusa da doki ba: "Baba, ɗan matsa ta ƙasa kaɗan, Allah ya saka da alheri." Wani lokacin kai ne ke da wuri mai faɗi kusa da kai, to kai ka ratse. Dokin da bai taɓa ganin keke ba, a saba masa a fili tukuna, a bar shi ya shinshina, a zagaya shi da keken a hankali, kafin a kai shi bakin kwazazzabo.

Iyaye masu ɗora yara a dokin haya, ga sharaɗi ɗaya da ba na sassautawa: mai dokin ya riƙe ragama da hannunsa daga hawa har sauka. In ya ce dabbar ta saba, ba sai an riƙe ba, sauke ɗanka ka karɓi kuɗinka.

Abin toshe kunne na jin waƙa ko karatu, a cire ɗaya ko a cire duka. Wanda bai ji sallama ba, ba zai amsa ba.

Mataki na huɗu: haƙƙin ita turbar

Itacen ar'ar a hankali yake girma, kuma duk mai zuwa waɗannan duwatsu ya ga yadda wasu suka bushe daga sama suka tsaya fari fat. Ƙasar da ke riƙe da saiwarsa siririya ce a kan dutse. Idan turba ta yi lanƙwasa tana hawa kamar maciji, an yi haka ne don ruwa kada ya samu miƙaƙƙiyar hanya. Mai yanke ta tsakiya don ya rage tafiya, shi ke buɗe wa ruwa kwata, damina ɗaya sai wurin ya zama rami. Haka mai keken da ke danne birkin baya yana jan taya, haka mai dokin da ya shiga bayan ruwan sama kofato yana nutsewa a laka. In ƙasa tana manne wa takalmi, ranar ba ta keke ba ce, ba ta doki ba ce. In ka tarar da taɓo a tsakiya, ratsa ta cikinsa, don zagayawa ke faɗaɗa turba.

Gonakin da aka yi hawa-hawa a jikin dutse masu su na nan. A Shafa da Hada furen wardi ne da ake tsinka wajen Maris da Afrilu, da rumman da inabi da ɓaure a lokacinsu. Kada a tsinka, kada a taka katangar dutse, ƙofar da ka tarar a rufe ka mayar da ita a rufe. A Baha da Asir za ka riƙa cin karo da jerin amya. Yi nesa da su, musamman da doki mai gumi. Kashin doki in ya zuba a tsakiyar turba kusa da wurin zaman mutane, mahayi ya sauko ya ture shi gefe.

Mataki na biyar: birai, hazo da ruwa

Biran Hada da Raghadan sun saba da mutane har sun raina su, kuma mu muka ɓata su da jefa musu ayaba da burodi ta tagar mota. Hukumar kula da namun daji ta ƙasar ta sha yin gargaɗi a daina ciyar da su. Abinci ya zauna cikin jaka a zuge, leda a hannu gayyata ce. Kada ka zura wa babban namijin ido, kada ka gudu, kada yaro ya yi nisa da kai. Garken birai da ya ɓarke daga kan dutse yana iya zaburar da doki, don haka mahayi ya gajarta linzami a inda ya ga alamarsu. Kada kuma ka cusa hannu ƙarƙashin dutse. Akwai kunama, akwai kasa a kudancin waɗannan tsaunuka.

Hazo yana tasowa daga Tihama, wato ƙasar da ke gindin tsaunukan ta wajen teku, ya haɗiye dutse cikin 'yan mintoci, har ka kasa ganin wanda ke gabanka. In ya sauko, ku haɗu wuri ɗaya, mai keke ya sauka ya tura, a kunna tocila, a yawaita magana. Kada a nemi bakin dutse don ɗaukar hoto. Hadari kuma yakan haɗu da rana tsaka ko da la'asar, da tsawa da ƙanƙara. Ka bar ƙololuwa da gindin itacen da ya tsaya shi kaɗai, kuma ka fita daga cikin kwari. Ambaliya tana iya zuwa daga ruwan da aka yi a wani dutse can nesa alhali kai ko ɗigo bai taɓa ka ba. Duba sanarwar cibiyar hasashen yanayi a manhajar Anwaa kafin ka fito. In an sa jan gargaɗi, a ɗage tafiyar. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara.

Mataki na shida: zango

In za a huta ko a yi salla, a bar turba sarai, a shimfiɗa a gefe inda doki ba zai zo ya tarar da sahu a gabansa ba. Wanda ya taso a ƙasar Hausa jikinsa gabas yake ba shi; daga Shafa alƙibla tana arewa maso yamma. A ɗaure doki nesa da wurin cin abinci, da ragama, ba da linzami ba, kuma ba a jikin ƙaramin itacen da zai gwagwiye ɓawonsa ba. Kekuna a jingine su waje guda. Biyan buƙata a yi nesa da hanya da inuwar da mutane ke zama da magudanar ruwa, a binne.

Wuta sai a wurin da aka tanada. Jami'an tsaron muhalli suna zagayawa, tarar kunna wuta a inda ba a yarda ba a daji ko wurin shaƙatawa tana kaiwa riyal 3,000, saran itace kuma laifinsa ya fi haka nauyi. Ka taho da gawayinka na kanti ko ƙaramin murhun gas. In an gama gashi a kashe da ruwa, a juya tokar, a sake zubawa, har ka iya kusantar da tafin hannunka ba ka ji zafi ba. Tsinken tsire, ledar ƙuli, kofin shayi, robar ruwa, duk su koma mota.

In abin da ake gudu ya faru

Wanda ya faɗo daga doki ko keke yana kukan wuya ko baya, ko ya suma ko da na ɗan lokaci ne, kada a ɗaga shi, kada a cire masa hula, kada a ɗura masa ruwa. Mutum ɗaya ya tsaya sama da wurin, ɗaya ƙasa, su tsayar da masu zuwa. Dokin da ya kuɓuce kada a bi shi da gudu da ihu; a tsaya, a yi masa magana a hankali, yawanci wajen 'yan'uwansa zai koma. Jini a danne shi da tsumma mai tsabta. Karaya a tallafe ta yadda take, kada wani ya ce zai ja ya gyara. Lambar motar asibiti ta hukumar agajin gaggawa, Hilal Ahmar, ita ce 997, a yankin Makka kuma, wanda Ɗa'ifa ke ciki, 911 tana haɗa ka da duk masu agaji. Manhajar As'ifni tana aika musu da inda kake, abin da ke da amfani ƙwarai a dajin da ba shi da sunan titi. In babu sabis, mutum biyu su hau tudu su nema, kada a tura mutum ɗaya.

Ku fito daga daji da sauran rana, domin akwai gangaren Hada a gabanku, kuma akan rufe shi in hazo ko ruwa ya yi yawa, sai an zagaya ta hanyar Sail. Direba ya sauko da giya ta ƙasa, wato ta ɗaya ko ta biyu, kada birki ya yi zafi, a sake jan igiyar kekunan da ke bayan mota kafin kwana ta farko. Mai niyyar umra ya tuna miƙatin Wadi Muhrim yana kan hanyar Hada, ya sa haraminsa cikin jaka tun daga gida.